Shawara ga Iyaye: Ku Kasa Kunne Tukuna

Ya ku iyaye, a wannan wata muna so mu yi magana a kan ciwon da ba ya fitar da jini, watau ciwon damuwa na samari da 'yan mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wani ciwo na tunani. Ta kuma ce rabin irin waɗannan cuce-cuce sukan soma tun kafin yaro ya wuce shekara 14. Ashe ba maganar Turawa kaɗai ba ce. Tana nan Muciya, tana Sabon Gari, tana Samaru.

Ku dubi nawayar da 'ya'yanmu ke ɗauke da ita. Tun 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, kowane gida a Zariya yana marmarin ɗansa ya shiga. Wani ya faɗi jarrabawa sau biyu, kunya ta hana shi fita. A 2022 malaman jami'a suka yi yajin aiki wata 8, ɗalibai suna zaune a gida. Wani kuma ya gama, ga takarda, ba aiki.

Labarin zuciya a tambayi fuska. In yaro mai fara'a ya koma shiru, ba ya barci, abinci ya fita ransa, ya rabu da abokai har mako 2 ko fiye, kada ku ce lalaci ne. Kada kuma ku yi saurin cewa iskoki ne ko sammu. Wani yakan nemi sauƙi wurin ƙwaya. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta iya cire baƙin ciki daga zuciya.

To, wa zai ji maganarsa? Mun sani a al'adarmu akwai kunya tsakanin mahaifi da ɗa, balle ɗan fari. Amma al'adar nan ta bar mana wata ƙofa. Akwai kawu, akwai gwaggo, akwai kaka wadda jika ke wasa da ita. Bari kowane yaro ya sami babba guda wanda zai iya faɗa masa kome ba tsoro.

Kai da aka zaɓa, ga shawararmu. Ka zauna da shi inda ba mutane. Ka ce, "Ɗana, na ga ba ka da walwala, me ke damunka?" Sa'an nan ka yi shiru. Kada ka soma da wa'azi, kada ka ce, "Mu a zamaninmu…" Kada ka kai maganarsa bakin rijiya ko wurin taron mata. Amma in ya ce ya gaji da rai, kada ka riƙe wannan asiri. Ka tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, gama tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Ka kawar da maganin ƙwari daga gida, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ran nan.

Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Shika, akwai kuma babban asibitinsu a Barnawa, Kaduna. Addu'a ba ta gāba da magani. Ku yi duka biyu. Sarƙa da bulala kuwa ba su warkarwa. A Janairu 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, domin a kāre mutuncin masu wannan ciwo.

In an kai shi, kada ku juya baya. Tun 1954 Likita Lambo na Aro, Abeokuta, ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu, gama ya ga magani ya fi ci in ɗan'uwa yana kusa.

A daren yau, ku dubi fuskokin 'ya'yanku. Wanda ya yi shiru, ku aika masa da kawunsa.

Sai wata mai zuwa.