A Fito Da Tsofaffin Taswirorin Ƙasar Gombe

A shekarun 1950 da 1960 ne ma'aikatan safiyo na Tarayya, tare da takwarorinsu na Ingila, suka ɗauki hotunan ƙasar nan daga jirgin sama, suka zana ta falle-falle. A kan wasu fallayen, santimita 2 daidai take da kilomita 1 a ƙasa. Wanda ya shimfiɗa na ƙasar Gombe zai ga yadda Kogin Gongola ya karya kwana wajen Nafaɗa ya miƙa kudu, ga rafuka da tuddai da hanyoyin ƙafa kowanne a mazauninsa. Lokacin ba a datse kogin a Daɗin Kowa ba, wannan sai a shekarun 1980.

Dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa ta fito a 1965, kuma gandun Wawa-Zange da ke ƙasashen Dukku da Funakaye ya haura hekta 140,000. To, amma doka ba ta tsare iyaka in babu shaida. Gonaki sun ci burtali, an toshe mashaya, yau manomi ya rantse gadon kakansa ne, gobe makiyayi ya rantse nan shanun ubansa suka bi. Garken da aka hana wa ruwa a gida shi ne ke gangarawa Kudu, kuma in rikici ya tashi can, ɗan Arewa mai tireda a Agege ko Sabo ta Ibadan ne ke kwana da fargaba, alhali ko ɗan maraƙi ba shi da shi.

Gaskiya ne taswira ba ta nuna kowane burtali ba. Amma ta nuna inda ruwa ke bi, dabba kuwa ruwa take bi. Ya kamata Gwamnatin Jihar Gombe ta sa hukumar GOGIS ta tattara waɗannan fallaye kafin gara ta cinye su, ta ajiye kwafinsu a kowace Ƙaramar Hukuma, sa'an nan a zaunar da arɗaɗɗa da dagatai su cike abin da takarda ta bari tun dattawan suna raye.

Haka kuma masu aiko da kuɗi gida don sayen fuloti a birnin Gombe, su sa a duba musu tsohuwar taswira tukuna. Fili da yawa da dillali ke kira tudu tsohuwar hanyar ruwa ce, kuma kwarurukan da ke cin gidaje a garin kowace damina nan suke bi.