Rikicin hayar mashaya a Birtaniya: doka ta zo, amma wa ke riƙe da wuƙa da nama?

Na san wani zai ce, mu da giya haramun ce a gare mu, ina ruwanmu da rigimar masu mashaya a Ingila? Ni ba giyar ce ta ja hankalina ba. Abin da nake kallo shi ne yadda gwamnati ke shiga tsakanin mai dukiya da ɗan haya idan ƙarfinsu ba ɗaya ba.

A Birtaniya, dubban gidajen mashaya mallakin manyan kamfanoni ne. Wanda ya karɓi hayar gidan, sharaɗi ne ya riƙa sayen giyarsa a hannun kamfanin, a farashin da kamfanin ya yanka, ko da ta fi araha a kasuwa. Wato mai gida yana ci ta hanya biyu: ga kuɗin haya, ga ribar kaya.

A 1989 gwamnati ta tilasta wa manyan masu haɗa giya su rage yawan mashayar da suke ɗaure da su. Sai dai an gudu ne ba a tsira ba, domin wasu sababbin kamfanoni irin su Punch Taverns da Enterprise Inns suka saye gidajen, suka ci gaba da ɗaure 'yan haya da sharaɗin nan. An shafe shekaru ana kuka, har a Nuwamban 2014 'yan majalisa suka kayar da gwamnati a ƙuri'a, suka ce dole a ba ɗan haya zaɓin biyan haya zalla, ya sayi kayansa inda ya ga dama.

Dokar, mai suna Pubs Code, ta fara aiki a Yulin 2016 a Ingila da Wales. Ta shafi kamfanin da ke da irin waɗannan gidaje 500 zuwa sama, ta kuma kafa ofishin mai shiga tsakani da ke sauraron ƙorafi da cin tara.

To, a nan gizo ke saƙar. Mutum na farko da aka naɗa, Paul Newby, ya fito ne daga wani kamfanin dillancin gidaje da ya yi wa manyan kamfanonin aiki, don haka 'yan haya da yawa suka ƙi sakin jiki da shi tun ranar farko. Kamfanonin kuma suka gano cewa ba sai sun ce "a'a" ba. Ya isa su cusa sharuɗɗa masu tsauri, su ja lokaci har ɗan haya ya gaji da biyan lauya. Sai a Oktoban 2020 sabuwar mai riƙe da ofishin, Fiona Dickie, ta ci Star Pubs & Bars na kamfanin Heineken tarar fam miliyan 2, saboda ya nemi tilasta wa masu son fita daga ɗaurin su ci gaba da tara kayansa fiye da kima. Kamfanin ya garzaya kotu, daga baya aka rage tarar.

A ganina, rubuta haƙƙi a takarda shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a sa alƙalin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, a kuma yanke hukunci kafin mai ƙaramin ƙarfi ya durƙushe. 'Yan uwa mazauna Gana sun san haka: dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin haya na gaba fiye da na wata shida, amma a Ankara da Kumasi ana neman na shekara biyu a bainar jama'a. Idan babu mai bin diddigin doka, mai gida ke ci gaba da yanka farashi, ɗan haya kuwa sai dai ya biya ko ya kwashe kayansa.