Kafin Mu Ƙyasta Ashana A Gona

Hunturu ya tafi da hazonsa, ya bar mana kaushi a ƙafa da busasshen ganye ko'ina. Yanzu bazara ce, kuma duk wanda ya taso a Ruwan Bore, ko a ƙauyukan Tsafe da Bungudu, ya san abin da ke tafe. Ranar da babu makaranta, Baba zai tashe ka tun da asuba ya ce a ɗauki manjagara da adda, a tafi sharar gona. A makaranta ma haka ne, malamin aikin gona zai raba ku aji-aji, wasu bayan azuzuwa, wasu lambu.

Mu ma mun yi, kuma abin da muka fi so a aikin shi ne ƙarshensa, lokacin da za a tara komai tsibi-tsibi a cinna wuta. Wata shekara ma mun wuce gona da iri. Mun ga gafiya ta shige cikin ciyawa, muka bi ta da wuta, iska ta juya, wutar ta kama harawar wake da wani maƙwabci ya ajiye wa tumakinsa. Gafiyar ta tsira. Iyayenmu suka biya harawa, mu kuma jikinmu ya gaya mana.

Sai da muka shiga jami'a muka gane cewa ko da wutar ba ta taɓa kayan kowa ba, akwai asarar da muke yi. Ganye da karmami da ciyawa suna ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda ke sa dawa da masara su yi kore shar. Shi ne kuma ake saye a buhun yuriya, inda ya kai kashi 46 cikin 100. Da zarar an ƙona tsibi, yawancin wannan sinadari ya bi hayaƙi. Ke nan muna ƙona taki na kyauta a watan Afrilu, mu dawo a Yuli muna neman kuɗin na kanti. Tsofaffi za su ce ai toka ma taki ce. Gaskiyarsu, akwai amfani a cikinta, amma iskar hadarin farko ba ta barin toka a inda aka zuba ta. Ƙasar da aka bari tsirara kuwa, ruwan farko na sauka da ƙarfi zai kwashe samanta, wanda shi ne mai albarkar, ya kai kwari.

Da can wannan bai dami kowa ba, domin idan gona ta gaji sai a bar ta ta huta, a koma wata. Yanzu fa? Ku kanku kun san gidaje nawa ne suka daina zuwa gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga. 'Yar gonar bakin gari ita ake nomawa bana, ita za a noma baɗi, babu hutu. Kuma gajiyayyar ƙasa ita ƙuduji ke so. Irinsa yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma yana jiran a shuka dawa ko gero.

Akwai kuma kututturan nan masu toho, na kalgo da sabara da gawo, waɗanda muke sarewa ƙasa-ƙasa duk shekara, har mu tara musu kara mu ƙona don kada su dawo. A yankin Maraɗi, maƙwabtanmu, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa waɗannan ba ciyawa ba ne, itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Manoma suka fara zaɓen rassa ƙalilan masu ƙarfi a kowane kututture suna bari, suna datse sauran. Suka sa wa abin suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta samu itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba. Gawo kuwa kun san halinsa: da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Idan kun je shara bana, ku roƙi Baba ya bar muku kututture biyu ko uku ku gwada. Wataƙila ya ce inuwa za ta ɓata masa gero. Ku nemi na bakin iyaka.

Ba cewa muke a bar gona da datti ba. Karan dawa da na masara tsutsa na ɓuya a cikinsa tun daga kaka har ruwa ya sauka, sannan ta fito ta shiga sabuwar shuka. Wanda ya rage a gona a kwashe shi, a ba dabbobi ko a kai murhu. Leda kuwa a tsince ta ɗaya bayan ɗaya, musamman a takin juji da ake kaiwa gona a amalanke. Ba ta ruɓewa, tana hana saiwa tafiya, akuya ta haɗiye ta ta yi ta ramewa, hayaƙinta kuma cuta ne ga ƙirji.

Sauran sharar, rami za a yi mata. A lambun makaranta ko bayan gida, ku nemi wuri mai inuwa ku haƙa rami mai zurfin gwiwa ko fiye. A zuba busasshen ganye, a bi shi da kashin awaki ko na shanu, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har ya cika, sannan a rufe da ƙasa. Mun san ruwa na wuya a bazara, amma na alwala da na wankin hatsi ya isa, danshi kawai ake so. Ku soka sanda a tsakiya. Bayan kwana kaɗan idan kun zaro ta kun ji ɗumi, aiki na tafiya. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, daidai lokacin da kuɓewa da yakuwa da alayyahon lambu ke buƙatarsa.

Abu ɗaya da ba ma so ku yi wasa da shi: kada ku tura hannu ƙarƙashin tsibin da ya daɗe a ajiye. Nan kunama da kububuwa ke fakewa daga zafin rana. A fara motsa shi da manjagara, a tsaya daga baya, kuma a sa takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Ajin da ya haƙa raminsa a wannan mako ya rubuto mana ranar da ya rufe shi, mu kuma za mu tuna muku a wannan fili idan lokacin juyawa ya yi.