Kwamfutar Wasa a Ouidi: Daga Mitar Wuta Ake Fara Lissafi

Da la'asar ɗin wata ranar Afrilu, lokacin da iskar Wagadugu ke busowa kamar daga bakin tanda, wani saurayi ya shigo rumfar mai gyaran kwamfuta a unguwar Ouidi, rungume da baƙin akwati mai gefen gilashi. Wata shida ke nan da aka haɗa masa wannan kwamfuta. Fankoki uku ne a gabanta, kowace da zoben fitila mai sauya launi, ga katin hoto mai kaurin bulo kwance a ciki. Kukansa guda ɗaya ne: da an fara wasan ƙwallo, kafin a je hutun rabin lokaci sai allo ya yi baƙi, na'ura ta mutu murus.

"Kawu, katin ne ya gaza ko? An ce in nemi wanda ya fi shi."

Mai gyaran bai ko kalli katin ba. Ya kwance sukurori huɗu a baya, ya zaro ɗan akwatin ƙarfen nan mai raba wa sassan kwamfuta wuta, ya ɗora shi a tafin hannu yana jin nauyinsa. Sakayau. An manna masa takarda mai cewa wat 650, amma babu sunan kamfanin da wani ya taɓa ji. Da aka ɗaga murfi, jar ƙura ta lulluɓe komai kamar an barbaɗa garin barkono, kwandansa biyu kuma sun kumbura, kawunansu sun taso kamar ƙosai a cikin mai.

"Ɗana, katinka lafiyarsa ƙalau. Ingarma ka saya, ka ɗaure shi da ruɓaɓɓiyar igiya."

A unguwar da sarkinta, Ouidi Naba, shi ne tun asali mai kula da dawakin babban sarki Mogho Naba, wannan misali ya zauna daram.

Ra'ayin da ya mamaye samarin da ke haɗa kwamfutar tebur, a Wagadugu ne ko a Kano ko a Maraɗi, shi ne katin hoto shi ne kwamfuta, sauran sassa 'yan rakiya ne. In kuɗi ya samu, kaso mafi tsoka ya tafi kan kati, abin da ya rage a sayi akwati mai gilashi da fitilu, canjin da ya saura a aljihu kuma a sayi akwatin wuta ko wane iri ne. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure mai cin dukiyar mutanen da ba su da rarar da za su zubar. An kwaso shi ne daga bidiyoyin YouTube na masu gwada kayan kwamfuta a Amurka da Kanada da Jamus, mutanen da suka san aikinsu sarai, amma suke gwajin a ɗaki mai sanyin digiri ashirin da 'yan kai, da wutar da kan shekara ba ta ƙifta ba. Shawararsu daidai take ga ɗakinsu. Ɗakin Ouidi daban ne, kuma shi ya kamata a fara aunawa.

A fara da mita. A Burkina Faso kamfanin wuta na SONABEL da amfiya yake ƙulla yarjejeniya da gida, akwai masu amfiya 3, akwai masu 5, akwai masu 10 zuwa sama. Wutar ƙasar volt 220 ce. Lissafin ɗan firamare ne: mai amfiya 3 abin da gidansa duka zai iya ja bai wuce wat 660 ba, mai amfiya 5 kuma wat 1,100. To katin RTX 5090 da kamfanin Nvidia ya fitar a watan Janairun 2025 a kan dala 1,999, wato sama da sefa miliyan ɗaya tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan, shi kaɗai wat 575 yake sha, kuma kamfanin da kansa akwatin wuta mai wat 1,000 ya ce a haɗa shi da shi. Ba a sa firji a lissafi ba, ba a sa fankar tsakar ɗaki ba, ba a sa talabijin ɗin da iyali ke kallo ba.

Wani zai ce ai mutum nawa ne a Ouidi ke sayen irin wannan kati. Gaskiya ne, ba su da yawa. Amma tunanin da ya haifi sha'awarsa shi ne ke gangarowa har kan mai ƙaramin ƙarfi. Shi ne ke sa yaro ya bar kati mai wat 75 ya rungumo tsohon RX 580 na shekarar 2017 mai shan wat 185, don an ce masa ya fi ƙarfi kuma ga arha. Arhar tana da dalili. A watan Satumban 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙo kuɗinsa, sai masu wannan sana'a suka juye katunansu a kasuwannin duniya. Katuna ne da suka yi shekaru suna aiki dare da rana ba hutu. Wasu suna da sauran rai, wasu an wanke su ne kawai an sa a sabon kwali. Irin wannan kati, a kan akwatin wuta maras suna, a ɗakin kwano a watan Afrilu, ba sai an yi duba ba kafin a san makomarsa.

Zafi shi ne abin da masu bidiyon can ba sa iya ji a jikinsu. A Wagadugu, Maris da Afrilu da Mayu, digiri 40 da rana ba labari ba ne. A farkon Afrilun 2024 zafin da ya rufe yankin Sahel ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Fankar kwamfuta ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ja ta hura wa ƙarfe. In iskar ɗakin ta fi ta ɗakin mai gwaji da digiri 18, kusan haka kowane sashe na na'urar zai fi nasa zafi. Furosesa yana da dabarar kare kansa: idan ya doshi digiri 95 zuwa 100 sai ya rage gudu, shi ya sa mai wasa zai ga hoto yana sarƙewa ya ɗauka rashin ƙarfin kati ne, alhali gumi ne ya hana na'urar numfashi. Kwandansa kuwa ba ta da wannan dabara. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta biyu. Wadda za ta shekara takwas a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki tana iya ƙarewa a shekara biyu a ɗakin da ya fi shi zafi da digiri 20. Kuma inda kwandansa ta fi shan wuya a kwamfuta shi ne cikin akwatin wutar nan da aka saya da canji.

Ga ƙura kuma. Daga Nuwamba iskar hunturu ke sauko da ita daga Sahara, a haɗa da jar ƙasar layukan da ba kwalta, wadda kowane babur ke tayarwa. Akwatunan da ake yayi yanzu, masu raga a gaba da fanka shida, an ƙera su ne don su zuƙi iska da yawa, kuma a nan duk abin da ya zuƙi iska ya zuƙi ƙasa. Ƙura na toshe tsakanin siraran ƙarafan sanyaya har su koma kamar bargo. Da damina ta kawo laima sai ta dunƙule ta manne a kan uwar allo. Maganin ba shi da tsada ko kaɗan: a ɗauke akwatin daga ƙasa a ɗora kan tebur ko benci, a sa masa matacin ƙura a mashigar iska, a tabbata fankokin da ke shigar da iska sun ɗan rinjayi masu fitarwa don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa, a hure shi da abin hura iska duk bayan 'yan watanni, ana riƙe da fanka da yatsa don kada ta yi gudun da zai lalata ta. Farin man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ma yana bushewa, a sabunta shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da fitila mai launi, shi ya sa ba a tallarsu.

Batun wuta ya fi duka nauyi. Ƙasar ta yi ƙoƙari: tashar hasken rana ta Zagtouli mai megawat 33 ta fara aiki a watan Nuwamban 2017, layin wutar da ya taso daga Bolgatanga ta Ghana ya iso Wagadugu a 2018, ga wanda ke zuwa daga Kwaddibuwa ta Bobo-Dioulasso. Duk da haka a watannin zafi buƙata na fin abin da ake da shi, wuta takan ɗauke, takan kuma yi ƙasa-ƙasa har ƙwai ya yi ja. Ɗaukewar kanta na iya lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa a faifan ajiya, ta bar Windows ta ƙi tashi. Dawowar wutar da ƙarfi, da tsawar damina, su ke ƙona kaya. Akwatin wuta na ƙwarai yana da kariya a cikinsa, idan abin ya fi ƙarfinsa sai ya yanke, in ma ya mutu ya mutu shi kaɗai. Na bogi idan zai tafi yakan ja uwar allo da katin hoto su tafi tare. A gidaje da yawa kuma soket ba shi da wayar ƙasa, shi ya sa mutum kan taɓa jikin akwati ya ji tsir. Saboda haka mai hankali a Ouidi, kafin ya tambayi farashin kati, sai ya ware kuɗin akwatin wuta mai suna da tambarin 80 Plus, tsarin da aka kafa a 2004 don tabbatar da cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da aka ja aiki take yi ba zafi take zama ba. Sai na'urar daidaita wuta, sai kuma mai batirin nan da ake kira ondila a Wagadugu, wadda ke ba mutum 'yan mintoci ya rufe aikinsa cikin mutunci. Ita ma girman kati ke yanke mata farashi: wadda za ta riƙe na'ura mai wat 200 kowa na iya nema, wadda za ta riƙe mai wat 600 wani jarin ne daban.

Masu kare ra'ayin katin suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma a ba su haƙƙinsu: a wasa, katin hoto ne ke yanke kyan hoto da santsinsa, babu akwatin wutar da zai ƙara wa wasa gudu. Haka ne. Sai dai a tambayi wane wasa ake yi. Samarin zango ƙwallo suka fi bugawa, eFootball na kamfanin Konami, wanda har 2021 PES ake kiransa, da kuma FIFA da ta koma EA Sports FC a 2023, sai GTA V da ya fito a kwamfuta tun 2015. Mafi ƙarancin katin da EA ta nema don FC 24 shi ne GTX 1050 Ti, kati mai wat 75 na shekarar 2016. A ƙarshen 2022, a ƙididdigar da dandalin Steam ke yi wa na'urorin masu wasa, katin da ya fi kowane yawa a duniya shi ne GTX 1650, shi ma wat 75, ba ya ko buƙatar wata wayar wuta ta daban. Ashe akasarin masu wasa a duniya, har da na ƙasashen da ake kwaikwayo, ba da dodannin katunan bidiyo suke wasa ba.

Nan ne kayan da ake wa laƙabi da "France au revoir", wato kwancen Turai, suka cancanci a daina yi musu kallon raini. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre an ƙera su ne don su yi shekaru suna aiki ba tare da sun damu kowa ba. Wadda ke ɗauke da Core i5-8500, furosesa mai ƙwaya shida da ke shan wat 65, idan aka sa mata ram gigabait 16 a sanda biyu, aka musanya tsohon faifai mai juyawa da SSD, aka ɗora kati mai wat 75, gaba ɗayanta ba ta kai wat 200 ba. Za ta buga ƙwallo, za ta buga takardun makaranta, mai gida zai yi lissafin shagonsa a kai, mita mai amfiya 3 kuma za ta ɗauke ta. Tana da tarkonta, dole a faɗa: ƙananan akwatunan sai kati gajere, akwatin wutarsu kuma na musamman ne, ba kowane ake iya sa musu ba. Sannan tun da Microsoft ta janye tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, mai saye ya duba zuriyar furosesa, domin Windows 11 daga zuriya ta takwas ta Intel take karɓa a hukumance. Wanda aka sayar wa ta zuriya ta huɗu a farashin ta takwas an cuce shi, komai kyan fentinta.

Sabon kaya ma ba shi ne kwanciyar hankali ba. A 2022 an yi ta samun rahoton narkewar mahaɗin wutar katin RTX 4090. A 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesocinta na zuriya ta 13 da ta 14 suna lalacewa saboda yawan ƙarfin wuta, ta ƙara musu garanti na shekara biyu. Mai saye a Faris zai mayar a ba shi wani. Mai saye a Ouidi, wanda wani ɗan'uwa ya riƙo wa kayan a jaka daga Dubai, ina zai kai ƙara?

Abin takaici shi ne yadda wannan ra'ayi ya ɓata har hanyar gano cuta. Da na'ura ta yi tari sai a ce a sayi sabon abu. Alhali sau da yawa kwamfutar da ta kunna ba hoto, sandar ram ce ta yi datti, a zare a goge bakinta da abin goge fensir a mayar. Wadda agogonta ke komawa baya har shafukan intanet su ƙi buɗewa, ɗan batirin CR2032 ne mai kamar kwabo ya ƙare. Mai mutuwa a tsakiyar wasa kuwa, zafi da wuta ake fara tuhuma. Akwatin wuta dai kada wanda bai iya ba ya buɗe shi, domin manyan kwandansocinsa na riƙe wuta ko bayan an zare waya. Kuma mai shagon da ke miƙa wa yaro kati bai tambaye shi amfiya nawa ce mitar gidansu ba, ya san abin da yake yi, riba ce ta rufe masa baki.

Saurayin nan bai sayi sabon kati ba. An sa masa akwatin wuta mai nauyi a hannu, an hure ƙurar wata shida, an sabunta man furosesa, an cire gilashin gaban da ke tare wa fankoki iska aka sa raga da mataci. Mai gyaran ya kunna wasan a rumfar, ya bar shi yana gudu har aka kira magariba, yana duban ma'aunin zafi a gefen allo. Da zai ɗaure masa akwatin a bayan babur ya ce:

"Kada ka sake ajiye ta a ƙasa, ɗana. Kuɗin katin can ka sayi ondila da shi. In hunturu ya wuce ka dawo da ita mu hure."