Ran Yaron Shago Ya Fi Kuɗin Waya

Ya ku 'yan'uwana talakawa na Ruwan Godiya da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, masu injin niƙa, masu walda, masu cajin waya, da ku masu sayar da ruwan sanyi a kasuwa, yau maganarmu a kan wutar lantarki ce. Ko ta kamfani ce ko ta janareta, duk kisanta ɗaya.

A Afrilun 2017 babbar waya ta faɗo kan gidan kallon ƙwallo a Kalaba, mutane suka mutu suna zaune. A 2023 wuta mai ƙarfi ta kwararo cikin gidajen Gwargwaje a Zariya, aka yi asarar rayuka. To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wutar shago bolt 230 ce, ta manyan turaku kuwa 11,000 ko 33,000. Abin da ke tsai da zuciyar ƙato bai kai abin da ƙwan fitila mai wat 60 ke sha ba. Amma wa ke ɗaure waya da leda? Wa ke tsayawa cikin danshi ba takalmi? Yaron shago ne, wanda uban gidansa ya ga kuɗin sabuwar waya sun yi yawa. Wannan ba tsimi ba ne, zalunci ne. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni a bakin aiki haƙƙin diyya, amma yara nawa a kasuwanninmu suka taɓa jin labarinta? Tun 2013 kamfanin KEDCO ke riƙe da rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Mai karɓar kuɗin wuta shi ne da alhakin gyaran turken da ya karkace da wayar da ta yi ƙasa. Ku kai ƙara a rubuce, ku ajiye kwafi.

In tsautsayi ya auku, ga abin yi. Kada ka kama wanda wuta ta riƙe, don kai ma za ta haɗa da kai. Fara kashe wutar ko janaretar. In ba hali, tsaya kan busasshen katako, ka ture wayar da busasshiyar sanda. Amma in babbar waya ce ta faɗo, sanda ba ta tsare kowa: ku ja da baya kamar mita 10, ku hana yara matsowa, a kira ma'aikatan wuta.

Sa'an nan duba numfashinsa. In babu, kwantar da shi rigingine, ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, kada ka fasa sai ya farfaɗo ko mai magani ya karɓa. Ban da ɗura masa madara, ban da binne shi cikin yashi, duk ɓata lokaci ne. Ƙuna kuwa a yi ta zuba mata ruwa mai tsabta minti 20, ba manja, ba man goge baki. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, gama wuta takan yi ɓarna a ciki, zuciya ta rikice daga baya.

Shawararmu ga sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a ita ce, kowane layi ya san inda makashin wutarsa yake, kuma a nemi malamin asibiti ya koya wa matasa dannan ƙirji ran kasuwa. Ba sai mun jira manya ba, don ba 'ya'yansu ke riƙe da wayar ba, namu ne.

Allah ya kiyashe mu, amin. Wassalam.