Lubek: Abin da Ya Kamata Mai Ziyara Ya Gani a Birnin Fatake

Masu iya magana na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ba kowace tafiya ce take buɗe shi ba. Dubban masu yawon buɗe ido sukan ziyarci Lubek, tsohon birnin tashar jiragen ruwa da ke arewacin Jamus, kusa da Tekun Baltik. Da yawansu sukan tsaya gaban ƙofar gari mai hasumiya biyu da ake kira Holstentor, su ɗauki hoto, su wuce. Irin wannan ziyara ba ta cika ba, domin duk wanda bai tambayi yadda aka tara dukiyar da ta gina ƙofar ba, ya ga jan bulo ne kawai.

An kafa Lubek a shekarar 1143. Daga baya ya zama cibiyar Hansa, wato ƙawancen fatake da biranensu, wanda ya taɓa haɗa garuruwa kusan 200. A nan aka yi babban taronsu na farko a 1356. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: falke guda ba ya iya kare kansa daga 'yan fashin teku ko harajin sarakuna, amma da suka haɗa kai sai suka sami manyan masaukai a Landan da Buruj da Bagen da Nobgorod, inda suke gudanar da harkokinsu bisa dokokinsu.

Shaidar wannan tsari tana nan dab da ƙofar. A bakin kogin Tirabe akwai rumbunan gishiri, waɗanda aka gina tsakanin ƙarni na 16 da na 18. Daga Luneburg ake kawo gishirin, a yi lodinsa zuwa ƙasashen arewa don adana kifin teku, abincin da Kiristocin Turai suka dogara da shi a ranakun azumi. Haka nan akwai asibitin da attajiran garin suka gina, aka kammala shi a 1286, kuma har yau wani sashe nasa gidan kula da tsofaffi ne. Waɗannan wurare sun fi ƙofar bayyana yadda riba ta koma hidimar jama'a.

To sai dai wasu na ganin cewa yabon Hansa yabon babakere ne, kuma suna da hujja. Fataken sun ƙaurace wa kasuwar Filandas a 1358 har sai da aka biya musu buƙatunsu. Sun yaƙi sarkin Denmak, suka tilasta masa sulhu a 1370. A cikin Lubek ma, masu sana'ar hannu ba su da kujera a majalisar gari. Da mahauta suka ƙulla shirin tawaye a 1384, asirinsu ya tonu, aka kashe jagororinsu. Wannan ba dalili ba ne na raina gadon Hansa. Dalili ne na kallonsa da idanu biyu, domin haɗin kan da ya kare 'yan ƙungiya shi ne ya danne waɗanda ke wajenta.

Bugu da ƙari, abin da ake gani a yau da kyar ya tsira. Hansa ta yi taronta na ƙarshe a 1669. A 1863, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak majalisar gari ta hana rushe Holstentor. A 1942 jiragen yaƙin Ingila suka ƙona wani sashe na tsohon gari, kuma ƙararrawar cocin Maryama da suka faɗo suna nan a farfashe inda suka faɗi. UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, sannan aka buɗe gidan tarihin Hansa a 2015.

Saboda haka, ya kamata mai ziyara ya ba rumbunan gishiri da asibiti da gidan tarihi lokacin da yake bai wa ƙofa, ya kuma tambayi wane ne ya ci ribar wannan ciniki, wane ne aka hana. Da amsar waɗannan tambayoyi ne gani yake korar ji.