Kiɗan tsakanin shiri da shiri: Mamman Sani da piyanonsa na lantarki

Jama'a masu sauraro, na Tasawa da Mayahi da kewaye. Sharhinmu na yau a kan wani makaɗi ne wanda ba shi da kalangu, ba shi da ƴan amshi, bai kuma taɓa tsayawa ƙofar fada yana wasa sarki ba. Sunansa Mamman Sani Abdoulaye.

Wanda ya manyanta a Maijirgi ko Korgom ko Kanambakashe, in dai ya taso a gidan da ake kama rediyon Muryar Sahel, da wuya a ce kiɗan mutumin nan bai taɓa shiga kunnensa ba. Shekara da shekaru gidan rediyo da talabijin na ƙasa suna saka shi a tsakanin shiri da shiri, lokacin da mai magana ya yi sallama, na gaba bai riga ya zauna ba. Kiɗa ne sanyi-sanyi, ba murya, ba kirari, yana tafe yana maimaita kansa, ƙarƙashinsa wani ɗan bugu na inji da ba ya sauri ba ya lafawa. A Yamai an san mai shi. Amma nan gabas, tafiyar yini guda a mota daga babban birni, sautin ne ya iso, sunan ya tsaya a hanya. Mutane da dama sun ɗauka kiɗan Turawa ne da gidan rediyo ya aro.

An haifi Mamman Sani a Akara, babban birnin Gana, a farkon shekarun 1950. Mahaifinsa ɗan Nijar ne, mahaifiyarsa ƴar Gana. A Nijar ya girma, ya yi karatun boko, ya koyar a lakkwal, daga baya ya samu aiki da hukumar UNESCO, aikin da ya kai shi Turai har da Japan. Ba daga gidan makaɗa ya fito ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kiɗa gado ne. A tsarinmu ɗan makaɗi shi ke ɗaukar ganga, ɗan ma'aikaci kuwa alƙalami aka san shi da shi. Mamman Sani bai gaji kayan kiɗan kowa ba, saboda haka bai gaji dokar kowa ba.

A 1974, shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulki, ya haɗu da abin da ya sauya masa rayuwa. Wajen wani taron UNESCO ya tarar da wani wakili ɗan ƙasar Ruwanda ya zo da piyano mai aiki da lantarki, irin wanda ake kira ogan, ƙirar kamfanin Orla na Italiya. Mamman Sani ya ji sautinsa, ya nace, sai da mutumin ya sayar masa. Ana ganin piyanon nan yana cikin na farko-farkon da suka shigo Nijar.

Yana da kyau mai sauraro ya san irin kayan da ake magana a kai. Ba wata babbar na'ura ba ce ta ɗakin ɗaukar sauti. An yi ta ne don falon gidajen Turai, uba ya danna wa iyali waƙar biki da daddare. Tana da jerin maɓallai farare da baƙaƙe, da wasu ƴan makunnai da ke sauya sautin ya koma kamar na sarewa ko na goge, sannan da ɗan injin bugu a ciki wanda aka riga aka tsara masa kiɗan rawar Turai da na Latin Amurka. Ka kunna, ya yi ta bugawa har sai ka kashe. Babu wanda ya ƙera ta yana tunanin Azbin ko Gulbin Kaba.

To a nan gwanintar take. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya, na Hausa da na Zabarmawa da na Buzaye da na Fulani, a kan sauti 5 suke tafiya, alhali piyanon Turai an jera masa 12. Wanda bai san dawan garin ba zai so ya danna duka, ya cika kiɗan da ado har asalin waƙar ya ɓace. Mamman Sani sai ya yi akasin haka. Hannun hagu ya riƙe amo ɗaya ko biyu a ƙasa, ya daɗe bai ɗaga ba. Hannun dama ya ɗauko zaren waƙar, gajere, ya juya shi, ya sake juya shi, kowane zagaye da ɗan bambancin da sai mai kunne zai kama. Tsakanin danni da danni kuma ya bar fili. Duk wanda ya taɓa kwana wajen da mai goge ke jan baka ana buga masa ƙwarya ya san wannan dabarar: maimaici ne ke ɗauke mutum, ba yawan sauti ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗora waccan tsohuwar dabara a kan inji, ya ɗauko waƙoƙin Wodaɓe da na Buzaye da sauran na gargajiya ya sake musu tufafi, ya kuma tsara nasa na kansa.

A 1978 ya ɗauki piyanonsa ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa a Yamai. Kayan aikin ba su da yawa. Sai ya buga kashi na farko aka naɗa, aka sake kunna masa yana ji, ya buga na biyu a kai. Shi ne uban kiɗi, shi ne ɗan amshin kansa. Daga wannan zama aka samu kaset ɗin da duniya ta sani yau da sunan La Musique Électronique du Niger, mai ɗauke da kiɗa irin su Salamatu da Lamru da Bodo.

Da hannun ma'aikatar al'adu aka shirya fitar da shi, cikin wani jerin kaset da aka so a nuna kiɗan zamani na Nijar. Shirin bai yi nisa ba. Ƴan kaɗan aka buga, ana cewa wajen 100, sai magana ta mutu. Kaset 100 ko kasuwar Tasawa kaɗai ba za su isa ba, balle ƙasa.

A daidai wannan lokaci duniya na cikin zazzaɓin kiɗan inji. A 1974 ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus ta fitar da Autobahn, a 1976 Jean-Michel Jarre na Faransa ya fitar da Oxygène, aka sayar da miliyoyi. A Afirka ma ba a zauna ba. Francis Bebey na Kamaru, wanda shi ma ya yi aiki da UNESCO, yana Paris yana haɗa injin kiɗa da kayan gargajiya. William Onyeabor yana Inugu da nasa ɗakin ɗaukar sauti. Tun kafin su duka, a 1944, Halim El-Dabh na Masar ya naɗi sautin wani bikin zar a Alƙahira ya sarrafa shi da na'ura. Masu cewa kiɗan lantarki baƙo ne a nahiyar nan ba su duba tarihi ba. Bambancin Mamman Sani da su Jarre ba a basira yake ba, a kasuwa yake. Su suna da kamfanoni da masana'antar faifai, shi kuwa gidan rediyo guda ne da shi, wanda yake saka kiɗan a matsayin cike gurbi.

Bai daina ba. Ya ci gaba da naɗa a farkon shekarun 1980, daga baya ya samu sababbin injuna ya yi wani aikin tsakanin Nijar da Faransa a 1985 zuwa 1988. Mafi yawan wannan aiki a ajiye ya zauna.

Sai bayan shekara 30 da ɗoriya wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya ci karo da tsohon kaset ɗin a cikin wata ma'ajiyar kiɗa a Yamai. Ya nemi mai shi, ya same shi. A 2013 aka sake buga aikin 1978 a faifan garmaho, aka sa shi a intanet. A 2014 Taaritt, wato aikin nan na 1985 zuwa 1988, ya biyo baya, a 2015 kuma aka tattara naɗe-naɗen 1981 zuwa 1984 aka fitar. Dattijo mai shekara 60 da wani abu ya koma hawa dandali a biranen Turai, samarin da ba a haifa ba lokacin da ya shiga ɗakin rediyo suna tsaye suna kaɗa kai. Ya kuma fito a fim ɗin A Story of Sahel Sounds na 2016.

Abin farin ciki ne, amma da ɗaci a ciki. Kaset ɗin a Yamai yake tun fil azal. Ba ɓata ya yi ba, dubawa ce ba a yi ba. Akwai ma'aikatar al'adu, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha na BNDA, amma sai da baƙo ya tsallako teku ya karkaɗe ƙura. Ba laifin baƙon ba ne. Shi ya ga haja ya san darajarta.

Hanyar da Mamman Sani ya share kuwa ba ta rasa mabiya ba, ko sun san shi ko ba su sani ba. A Yamai akwai Hama, direban mota wanda ya ɗauki piyanon Yamaha ya mai da waƙoƙin jita na Buzaye kiɗan inji. Nasa bai jira gidan rediyo ba, daga salula zuwa salula ya yaɗu a katin waya, kafin Sahel Sounds ta fitar masa da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. A Kano piyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa tun zamanin fim ɗin Sangaya, daga can ya gangaro Katsina da Maraɗi har ya iso gidajen bikinmu. Yau a Tasawa ko Mayahi, in ana aure, ba abin mamaki ba ne a ga saurayi da kwamfuta da lasifika da janareta a wurin da da mai kalangu ke tsayawa.

Sai dai kiɗan da ke fitowa daga yawancin waɗannan lasifikoki iri ɗaya ne: bugun da aka sauko da shi daga waya, da muryar da inji ya gyara, yau a Kano, gobe a Urafan, ba ka iya rarrabewa. Kayan aikin da ke cikin salular saurayin yau sun fi na Mamman Sani na 1978 nesa ba kusa ba. Abin da ya fi su da shi kunne ne. Ya saurari abin da makiyayi ke rerawa, ya yi haƙurin zama da shi har inji ya karɓa. Waƙar daɓe da ta niƙa, kiɗan noma da na ƴan kokawa, busar sarewar masu kiwo a arewacin Mayahi, duk suna nan, kuma masu riƙe da su tsufa suke yi.

Saboda haka kira biyu ne. Ga gidajen rediyonmu na karkara, duk kiɗan da aka saka a faɗi sunan mai shi, ko da na cike gurbi ne, tsofaffin kaset da ke jibge a kwali kuma a kwafe su a kwamfuta tun zafi da gara ba su gama da su ba. Ga samarin Tasawa da Mayahi masu taɓa piyano, ku nemi Salamatu ta Mamman Sani a wayarku ku saurara har ƙarshe, sannan ku ɗauki wayar nan ku je wurin tsofaffin makaɗan garinku ku naɗo abin da ke hannunsu.

A nan sharhin namu ya tsaya.